P da F sun sa ni a gaba a wurin aiki: bakina ne ko kunnena?

Ɗan Fagge a Ikeja:

Assalamu alaikum jama'a. Akwai wata damuwa da na daɗe ina haɗiyewa, yau dai na ce bari in furzar da ita ko Allah zai haɗa ni da mai magani.

Ni haifaffen Fagge ne a Kano, shekarata biyu da 'yan watanni a Legas. Ina kwana a Agege wajen kawuna, ina aiki a wani kamfanin rarraba kayan waya a Ikeja, ba nisa da Computer Village. Aikina lissafin sito ne: abin da ya shigo, abin da ya fita, wa ya sa hannu. A rubuce ba ni da matsala da Turanci. Na ci shi a WAEC, har da ɓangaren nan na furuci da ake cikewa da fensir ba tare da mutum ya buɗe baki ba, kuma yanzu duk takardar da za ta fita daga ofishinmu ni ake miƙo wa in duba. Amma da zarar na buɗe baki sai labari ya sha bamban.

Litinin ɗin da ta wuce muna taron safe, mu tara a ɗaki. Shugabarmu ta tambayi inda takardun wani dila suke. Abin da na yi niyyar ce mata shi ne "I have the file". Abin da ya fito, in ji su, shi ne "I have the pile". Duk wanda ya zauna a Kudu ya san abin da ake kira pile: basir. Ɗaki ya kaure da dariya, har mai shara da ke bakin ƙofa sai da ta dafa bango. Wani abokin aikina ya ce in an tashi in bi ta Oshodi, akwai masu maganin gargajiya a bakin titi. Na yi yaƙe na bi su da dariyar, amma wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kuma ba farau ba ne. Na taɓa aiken yaron ofis ya kawo min "copy" na wani rasit, sai ga shi da Nescafe a kofi yana tiriri.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne ba wai p ɗin ce ba na iya furtawa ba, na iya. F ma na iya. Musanya suke yi min. Inda ake son p sai f ta zo, inda ake son f sai p ta riga ta. "People" ta koma "feofle", "fifty" ta koma "pipty". Da a ce ɗaya ce babu a bakina da na haƙura na ce halitta ce. To duka biyun suna nan, kowacce dai ta je ta zauna a kujerar 'yar'uwarta. Kuma ni a lokacin ba na jin na yi wani kuskure, sai na ga fuskokin mutane sun canja.

Sai kuma th. Suna tsokanata wai ina cewa "sank you" da "zis one". Su kuma da kunnena nake jin suna cewa "tank you" da "dis one", babu mai ko murmushi.

Don Allah masu ilimin abin nan, me yake jawo haka? Kuma mai shekara 27 zai iya gyarawa, ko kuwa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, nawa ya riga ya bushe? In ma zan gyara, Turancin wa zan bi, na Ingila, na Amurka, ko na nan Legas da nake ci da shi? Ana maganar ƙarin girma a ƙarshen shekara, kuma kujerar ta mai amsa wayar diloli ce. Ina tsoron bakina ya ja min.

Alhaji Mai Tattasai, Mile 12:

Wa alaikumus salam. Yaro, kwantar da hankalinka. Shekara talatin da ɗoriya ina kasuwar nan, tun ina sauke kwando daga tirela har Allah ya ba ni rumfa, kuma ban taɓa ganin kwandon tumatir ya koma Kano don mai shi ya ce pipty ba.

Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Su masu yi maka dariyar ka kasa kunne da kyau. Ƙwai a bakin da yawansu "hegg" ne, gida kuma "ouse": h ɗin da aka kora daga nan ita ce ta je ta tare can. Coci "shosh", sifiri "sero", "very good" kuma "fery good". Akwai wata mai sayen attaruhu a wurina shekara goma sha, har yau "shange" take tambayata in ta ba ni dubu biyar. Na taɓa yi mata dariya? Kuɗinta nake ƙirgawa.

Ni shawarata ka sake jikinka ka yi burokanka kamar kowa. In kuma magana ta zo kan kuɗi kada ka yarda da baki, naka ko na wani. Ni waya nake ɗagawa in danna lambar in nuna wa mutum, don sha biyar da hamsin na Turanci sun taɓa haɗa ni rigima da wani mai otal har sai da shugabannin kasuwa suka shiga.

Malam Mai Alli, Agege:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa. Maganarku gaskiya ce a kasuwa, sai dai shi yaron nan wayar diloli zai riƙa amsawa, kuma a waya babu ɗaga kalkuleta. Shekarata 19 ina koyar da Turanci a wata sakandare a nan Agege, ajina Hausawa da Yarabawa ne kusan kankankan, don haka kullum ina tsakanin pipty da hegg.

Ƙanena, ai ka gano ciwon da kanka da ka ce ba ka jin ka yi kuskure. Bakinka lafiyarsa ƙalau. Kunnenka ne yake zuba sautuka biyu a aljihu ɗaya.

Harafin da muke rubutawa f a Hausa ba shi ne f na Turanci ba. Tsaya gaban madubi ka ce "fari" ko "tafi". Za ka ga leɓɓanka biyu ne suke matsowa kusa da juna, iska ta bi ta tsakaninsu, kamar mai hura koko. Haƙori bai shiga maganar ba. In ka ɗan ƙara matse su suka haɗe sai ya fito kamar p, kuma babu Bahaushen da zai ce ka canja kalma: "fari" da "pari" duk fari ne. Basakkwace ma ya ce "hwari" da "tahi", mu gane shi sarai. Wato a wurinmu ƙwayar sauti ɗaya ce mai riguna da yawa. A Turanci kuwa biyu ne, kowacce da gidanta, kuma in ka sa ɗaya a gurbin ɗaya ka faɗi wata kalma daban: pan da fan, pull da full, pile da file. Masana sun raba karatun nan biyu. Akwai ilimin furuci, wato yadda leɓe da harshe da maƙogwaro ke ƙera sauti. Akwai kuma tsarin sauti, wato wane bambanci ne harshe ya ɗauka da muhimmanci, wanne ya kau da kai a kansa. Naka ciwon na gida na biyu ne.

Ka dubi kalmomin da kakanninmu suka aro, za ka ga sawun abin: fensir, famfo, fasinja, fenti, fasfo, fursuna, Afrilu. Duk p ce a asali. Haka v, da yake ba mu da ita, ta zama b: biza, bidiyo, direba, talabijin, shebur. Musanyar da ke ba ka mamaki kuwa daga tsoro take. Tun firamare aka gaya maka akwai rami a nan, amma ba a koya wa kunnenka ganin ramin ba, sai kake tsalle a inda ƙasa take a shafe, ka kuma faɗa inda ramin yake.

Kada ka ɗauka mu kaɗai ne. Ina da maƙwabci Bayarabe, haifaffen Agege, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Amma har gobe in ya yi baƙi sai ya ce min "na yi baki", ɗari kuma "dari". In na ce masa baki daban, baƙi daban, sai ya ce shi abu ɗaya yake ji. Yadda ƙ da k suke a kunnensa, haka p da f suke a naka.

Yanzu ga abin da nake gaya wa ɗalibaina Hausawa, wanda malamanmu na boko ba su gaya mana ba. Ka yi Islamiyya? In ka yi tajwidi to f ta Turanci tana bakinka tun kana yaro. Ka tuna mafitar ف da aka koya maka: cikin leɓen ƙasa da bakin haƙoran gaba na sama. Ita ce f ɗin file, babu ragi babu ƙari. Duk sanda za ka ce file, five, office, ka yi ta yadda kake yin ta a kalmar "Fatiha" in malam na tsaye a kanka. Ita kuwa v, wuri ɗaya suke fita da f, sai dai ana kunna murya: ɗora yatsa a maƙogwaronka, a f shiru za ka ji, a v za ka ji ziza kamar waya na kaɗawa a aljihu. Ka gwada da fan da van, sannan van da ban.

Th ɗin ma haka. Sautuka biyu ne Bature yake rubutawa da haruffa iri ɗaya. Na think da thank da three shi ne ث. Na this da that da mother shi ne ذ. Kan harshe ya taɓa bakin haƙoran sama, iska ta wuce. Mun daɗe muna mayar da su s da z tun kafin Bature ya zo: hadisi, misali, Usman, zikiri, zunubi, izini. Da Turanci ya zo sai muka bi da shi ta tsohuwar hanya. Mutanen Kudu suka bi da shi ta t da d. In don kusanci ne babu wanda ya fi wani, su dai sun fi yawa a ofishinku, shi ke nan. Sai dai namu yana da haɗarinsa, don "think" in ta zama "sink" ka ce ka nutse ne.

P ita ce babu a Larabcin ma, sai ka ƙera ta. Ka rufe leɓɓanka gam kamar za ka ce b, ka tara iska, ka sake ta da ƙarfi ba tare da murya ba. Yagi 'yar takarda ka riƙe gaban bakinka: in ka ce "pin" daidai takardar za ta yi tsalle, in ka ce "bin" da ƙyar za ta motsa. Wani abin sha'awa, a "spin" ma ba ta tsalle, don bayan s Bature ba ya sakin wannan iskar, kuma shi kansa bai san yana yin p iri biyu ba. Ka ga shi ma yana da nasa aljihun.

Amma kada ka fara da baki. Sati guda ka ba kunne. Ka samu wani a ofis da kuke shiri, ka rubuta masa pan/fan, pull/full, copy/coffee, cup/cuff, pile/file, ya riƙa faɗar ɗaya ba tare da ka ga bakinsa ba, kai kuma ka nuna wadda ka ji. Sai ka daina faɗuwa a wannan sannan ka koma naɗar muryarka a waya kana saurare. Batun shekaru kuwa, gemu ba ya hana ilimi. Gaskiya ne wanda ya girma da wuya ya koma kamar haifaffen Landan, amma raba p da f ba ya cikin abin da ke gagara. Na ga direban tanka mai jikoki ya raba su.

Kuma ka daina ganin kanka a baya. Muna da abin da maƙwabtanmu ba su da shi. Kunnen Bahaushe ya saba da dogon wasali da gajere: gari na zama daban, gari na tuwo daban. Shi ya sa ship da sheep, live da leave, full da fool ba sa ba mu wuya kamar yadda suke ba ɗalibaina na nan. Gajeren a namu kuma ya yi kusa da wasalin cup da cut, alhali a Legas cut da cot duk "kot" ne. In kana son shaida, nemi jawabin Abubakar Tafawa Balewa na 1 ga Oktoba 1960, wanda ya yi a filin sukuwa na nan Legas da yanzu ake kira da sunansa. Malamin makaranta ne daga Bauchi, ya yi Kwalejin Katsina, ya je Landan ƙaro ilimi a 1945 yana babba. Turancinsa ne ya sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinare.

'Yar Zazzau, Surulere:

To Bakano, an zo Ikko an gamu da gamo. Da ka tsaya wajen iyayen gidanka a Zariya ka yi ko shekara ɗaya da ba a kai ga basir ba.

Wasa a gefe. Malam ya gama magana kan baƙaƙe, ni zan ɗauko inda Alhaji ya taɓo ya wuce, don a wurina nan gizo ke saƙar. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti mai zaman kansa, kuma a aikinmu fifteen da fifty ba abin dariya ba ne. Wani dare likita ya ba ni umarnin magani ta waya, layi na ƙara, janareto na ruri. Na ji hamsin. Allah ya sa ɗabi'ata ce in maimaita, na ce "five-zero?" Ya ce a'a, "one-five". Tun daga ranar ko a gabana mutum yake sai na warware lambar ɗaya-ɗaya. Ka ɗauki wannan ka riƙe tun kafin ka hau kujerar.

Abin da ke raba kalmomin nan biyu a bakin Bature ba n ɗin ƙarshe kaɗai ba ce, har da inda nauyi ya sauka: FIFty a gaba, fifTEEN a baya. Hausa da karin sauti take aiki, murya ta hau ko ta sauka, shi ke raba wuya na jiki da wuya ta wahala, kuka na hawaye da kuka ta miya. Amma kowace gaɓa muna ba ta haƙƙinta, mu furta ta cikakkiya. Turanci ba shi da wannan adalcin. Gaɓa ɗaya yake dannawa, sauran ya murƙushe su, wasalinsu ya koma wani ɗan guntun sauti maras kama, tsakanin a da e, da ƙyar ake jin sa. Shi ne wasalin da ya fi kowanne yawa a maganarsu. Ka saurari banana, ko doctor, ko a ɗin farko ta about. Kuma nauyin yana yawo: PHOtograph, phoTOgrapher, photoGRAphic. Kai da kake sito ma kana da naka: REcord shi ne littafin, reCORD shi ne ka shigar da abu a ciki.

Na gane haka ne lokacin da nake shirin IELTS, jarrabawar Turanci ta masu neman fita waje. Gwajin magana minti 11 zuwa 14 ne kacal, furuci kuma ɗaya ne cikin abubuwa huɗu da ake aunawa. Mai koya mana ta ce ba a neman ka zama Bature, ana neman a fahimce ka ba tare da an wahala ba. Da ta naɗi muryata, ba p da f ne suka fi yawa a jan birona ba. Su maDAM ne, da peTROL, da saLAD, da chalLENGE, yadda duk Najeriya muke faɗa, Kudu da Arewa. A can kuwa duk a gaɓar farko nauyin yake.

Sai dai ka yi hattara. Ranar da na dawo aiki na ce "MAdam" da "PEtrol", abokan aikina cewa suka yi na fara fone, wato kwaikwayon maganar Turawa, tun ban samu biza ba. Yanzu baki biyu gare ni, na jarrabawa da na Surulere.

Sabon Jini:

Ni fa duk wannan ban gane ba. Bafaranshe yana cewa "zis" a gaban duniya ana cewa ya burge, mu mun ce "zis" an ce ƙauyanci. A 2020 ƙamus ɗin Oxford da kansa ya shigar da danfo da okada da buka har da Kannywood. BBC ta buɗe sashen buroka tun 2017. Su suna matsowa wajenmu, mu kuma muna gaban madubi da 'yar takarda. Ɗan Fagge, ka bar bakinka yadda uwarka ta ba ka.

Ɗan Fagge a Ikeja:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Alhaji, na karanta wa kawuna maganar "shange", sai da ya ajiye shayinsa.

Sabon Jini, ban ƙi ta taka ba, kuma ba neman zama Bature nake ba. Hausata tana nan, ko a mafarki ba na Turanci. Amma dila in ya bugo daga Alaba yana tambayar kaya, ba ruwansa da Oxford, so yake ya ji pack ne ko ba pack ba.

Malam, Allah ya ƙara ilimi. Maganar ف ta buɗe min ido. Shekara shida na yi a Islamiyya, malaminmu har dorina yake sa mana a kan mafitar haruffa, ban taɓa kawowa a raina cewa abin da nake nema a boko yana cikin allona ba. Na yi gwajin kunne da wani yaro Ibo da muke sito tare. Ranar farko cikin ashirin na ci sha ɗaya, wato da na rufe ido na yi canki-canka ma kusan haka zan samu. Jiya na ci sha bakwai. Copy da coffee ne har yanzu suke kayar da ni, ban san dalili ba.

Anti 'Yar Zazzau, ai bawa ba ya zagin ubangijinsa a bainar jama'a, amma na yafe tunda kin ba ni "one-five". Na fara amfani da ita tun shekaranjiya.

Saura tambayata ta uku, Malam, ta wane Turanci zan bi. Ga kuma wata: yaron nan ya ce min ba a furta b a "debt" da "plumber", ba a furta p a "receipt". Ni kuwa shekara biyu ina cewa "risipt" sau hamsin a rana. To me ya kai su ciki?

Malam Mai Alli, Agege:

Sha bakwai cikin ashirin a kwana biyar, ai ka kama hanya. Copy da coffee suna ba ka wuya ne don sautin yana tsakiyar kalma, tsakanin wasula biyu, inda p ba ta fashewa da ƙarfi kamar a farko. Ka saurari abu ɗaya: iskar ta yanke ɗif, ko ta ci gaba da zuba? In ta yanke p ce. F kuwa za ka iya jan ta har numfashinka ya ƙare.

Yaron ya yi gaskiya. Mu an shagwaɓa mu ne, don bokon Hausa na jiya-jiya ne, ƙugiyoyin ɓ da ɗ da ƙ ma a shekarun 1930 aka tsayar da su, shi ya sa abin da ka rubuta kusan shi za ka karanta. Turanci kuwa haruffa 26 yake da su, sautuka kusan 44 a karin da ake koyarwa na Ingila: baƙaƙe 24, wasula 20. Wasula ashirin da haruffa biyar, dole a yi ta ɗaure-ɗaure. Ga kuma tarihi. William Caxton ya kafa injin buga littattafai a Westminster a 1476, rubutu ya fara daskarewa, alhali furuci yana tsakiyar sauyawa. Dogayen wasulansu duk sun gusa tsakanin wajen 1400 zuwa 1700. K ɗin knife da knee a da ana furta ta, baki ya yar da ita, takarda ta riƙe. B ɗin debt kuwa ba a taɓa furta ta ba. Daga Faransanci kalmar ta shigo babu b, wasu masu ilimi suka cusa ta don a tuna asalinta na Latin. P ɗin receipt ma 'yar gidan ce. Don haka "risit" za ka ce da dogon i, kuma ka lura, rasit ɗinmu na Hausa ya fi risipt ɗinka kusa da gaskiya, don kakanninmu da kunne suka are ta, kai kuma da ido.

Wani abin da zai taimake ka a sito shi ne -ed. Furuci uku gare ta. Packed da stocked da t suke ƙarewa, signed da d, loaded da counted ne kaɗai ke samun ƙarin gaɓa, don suna ƙarewa da d ko t tun asali. Kada ka ce "pak-ed". Kuma ka kula da halinmu na cusa wasali. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu a jere, shi ya sa muka samu burodi, birki, gilashi, sitiyari, sukudireba. Turanci yana iya jera uku a farko kamar screen, huɗu a ƙarshe kamar texts. Kai da ke ƙirga screen kullum, ka ja s ɗin ka faɗa kan k kai tsaye, kada "sikirin" ta fito.

Batun wa za ka bi, ni ra'ayina kada ka bi kowa har gida. Makarantunmu tsarin Ingila suke bi, inda ba a furta r a car da port, Ba'amurke kuwa yana furtawa. In ka buɗe ƙamus ɗin Cambridge a waya za ka ga maɓalli biyu, UK da US, ka zaɓi na farko don duba inda nauyi yake da harafin da ba a furtawa. Amma karin maganarka ka bar shi na ɗan Najeriya. Ka gyara abin da ke canja ma'ana, p da f, b da v, th, lambobi. Sauran, irin su maDAM, ka bi 'Yar Zazzau ka bar su yadda shugabarka ta saba ji.

Ɗan Fagge a Ikeja:

Malam, yau Litinin an yi taro. Na shirya tun a cikin danfo, ina ta cizon leɓe har kwandasta ya riƙa kallona. Da aka zo kaina na ɗora haƙora a leɓe na ce "the file is with me". Na ja f ɗin da yawa, har shugabar ta tambaya ko haƙori ke damuna. Amma file ta ji, kuma mai maganar Oshodi bai samu abin cewa ba.

Sai dai daga baya ta tambayi mutum nawa suka zo ɗaukar kaya ranar Asabar, amsar kuma "five people" ce. Na tsaya cak, na ce mata "four plus one".

In kuna sallar isha'i a unguwa gobe zan zo da 'yar takardata.